Baba ya yarda da aljanun, tuwon ne bai yarda da shi ba

Ina karanta wa Baba wani littafin almara na zamanin shigowar Faransawa Agadez, sai ya ɗaga hannu.

Tsohon madugu ne, kullum cewa yake littafin labari aikin banza ne. Jarumin ya ka da aljanu, takobinsa ya yi magana, Baba bai tanka ba. Amma da ayarin jarumin ya tsaya tuƙa tuwo da rana tsaka a hanyar garin Fachi, sai ya murtuke.

"Ƙarya! A hamadar Tenere ana tafiya ake shan fura, ba a tsayawa."

"To in rufe, Baba?"

"Sojan Faransa na bayansu za ki rufe? Ci gaba!"

Jama'a, na yi nasara! Yau da kansa ya miƙo mini littafin. Ku wane littafi ya taɓa kama muku tsoho haka?