Tagar Nibaldo a Gindin Matakala

Duk tudunmu babu wanda bai san hannun Ercilia Montecinos ba, wasu da ido suka san shi, wasu da kunci. Tun tana budurwa take gyaran kifi a bakin teku, can gangaren birnin Valparaíso inda masunta ke sauke kaya, har wuƙa da ƙanƙara suka mai da yatsunta kamar saiwar rogo. Mijinta ya taɓa ɗaga mata hannu a farkon aurensu. Ta karya masa hanci da katakon da take yanka kifi a kai, daga nan suka zauna lafiya har ranar da teku ta tafi da shi. Ni Audolina, mai shagon burodi a gindin matakalar unguwa, ni ma ta taɓa shaƙe ni a layin ɗiban ruwa bayan wata girgizar ƙasa. Ban riƙe ta a zuciya ba, don ita ce ta goya ni zuwa bakin titi ranar da naƙuda ta zo mini da gardama.

Ɗanta ɗaya ne, Nibaldo, dogo mai sanyin hali, yana dako a tashar jiragen ruwa. Ban san inda ya samo haƙurinsa ba, ba dai a nono ba. Wata Lahadi da la'asar, bayan an tashi daga ƙwallon unguwa, gardama ta haɗa shi da Aliro Tapia, wanda gidansu ke kallon shagona. Gardamar banza ce, kan ko ƙwallo ta shiga raga ko ba ta shiga ba. Aliro ya shige gida ya fito da wuƙar kicin, ya soka masa a ƙarƙashin haƙarƙari, ya zare, ya sake soka masa a wuya. Ina tsaye da burodi a hannu na ga Nibaldo ya jingina da bango, ya sulale a hankali, jini na bin kwata yana gangarawa.

Gidan Ercilia yana can saman matakala. Ta sauko babu takalmi, ta durƙusa, ta yage rigarsa ta duba raunin. Macen da ta yi rayuwarta da wuƙa ba sai an faɗa mata ba. Ba ta yi kururuwa ba, ta dai toshe wuyansa da tafinta tana kiransa da sunan da take kiransa yana jariri, har ya daina motsi. 'Yan sanda sun tafi da Aliro a ranar.

Wanda aka kashe haka kurwarsa ba ta tafiya, tana nan inda jinin ya zuba, sai an gina mata animita, ɗan ɗakin da bai wuce gwiwa ba, ana kunna mata kyandir. Jinin Nibaldo kuwa a jikin bangon gidan Tapia ya zuba, daidai ƙarƙashin tagar kicin ɗinsu. Nan Ercilia ta kawo bulo da siminti ta gina. Doña Fresia, uwar Aliro, ta roƙa, ta yi zagi, ta kira limamin coci ya sa baki a matsar da ɗakin tsallaken hanya. Ercilia ta ce ba ita ta zaɓi wurin ba, ɗan Fresia ne ya zaɓa.

Ko mashayi in ya zo wucewa ta gaban animita yakan cire hula, don haka Fresia ba ta da ƙarfin halin rushe ginin. Sai dai ruwan wanke-wankenta ya koyi faɗowa ta taga daidai kan kyandirori. Iskar teku ma ba ta barin wuta ta zauna. Ercilia ta sa wa ɗakin ƙofar gilashi, washegari sandar tsintsiyar Fresia ta same shi, wai tsautsayi ne. Ranar na ga dambe irin wanda ban taɓa gani ba tsakanin mata masu furfura. Ercilia ta naɗe gashin Fresia a hannu tana buga kanta da ƙarfen matakala, Fresia ta kafa mata haƙori a kunne har sai da ta ciro tsoka. Maza uku suka raba su, ɗaya ya tafi da kumburarren ido. Haka aka yi ta yi, a sa gilashi, a fasa, a daku. Raina ya ɓaci da su duka biyun, amma Fresia na fi jin haushi, kuma ban ɓoye mata ba.

A zauren taron unguwa akwai ajin da ake yi duk Asabar, inda tsofaffin mata masu fansho ke koyon haɗa gilashi mai launi don kashe lokaci. Malam-buɗe-littafi suke yi, da murfin fitila, suna shan shayi suna cin naman surukansu. Malaminsu Don Hermógenes ne, wani ɗan tsamurmurin tsoho da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran tagogin coci. Ercilia ta shiga ne neman aron guduma, sai ta tarar da shi yana narkar da dalma a gefen wani ɓallin gilashi da ya tsage a jikin murfin fitila. Ya cire shi, ya sa sabo, sauran duk suna nan yadda suke.

Ta tambaye shi, "Malam, in aka fasa guda, ba sai an zubar da duka ba ke nan?"

"Wanda ya fashe kaɗai za ki cire, baiwar Allah."

Ta ja kujera ta zauna da warin kifinta. Matan suka matsa da kofunansu.

Asabar ta gaba ta ja ni, wai in raka ta, don haka a idona aka yi komai. Abin yankan gilashi ɗan ƙarfe ne kamar alƙalami, ana jan sa sau ɗaya a kan gilashin ya bar zane, sannan a kama gefe biyu a ɓalle. Ercilia takan danna shi kamar tana raba kan kifi, gilashi ya tarwatse a ƙarƙashin hannunta. In zanen bai yi mata ba sai ta sake bi ta kansa, malam ya ce ba a maimaitawa, ta ce shi wa ya tambaye shi. Ta taɓa jifa da awartaki har ya fasa agogon bango. Yatsunta kullum a naɗe da tsumma, jini na ɗiga a kan takardar zane. Don Hermógenes bai taɓa ɗaga murya ba. Sai ya share tarkacen, ya miƙo mata wani gilashin, ya ce ta saurari ƙarar, in yankan ya yi daidai za ta ji kamar ana yage kyalle.

Liƙin ya fi ba ta wuya. Kowane ɓalli sai an naɗe bakinsa da siririn tef na jan ƙarfe, a murje shi ya kwanta, a jera su, a shafa wani ruwa mai hawa hanci don dalma ta kama. Sannan a ɗauki ƙarfen liƙi mai aiki da lantarki a hannu ɗaya, wayar dalma a ɗaya, a ja su tare a kan gaɓar. In ka yi sauri, layin ya fito gudaji-gudaji. In ka tsaya wuri ɗaya, zafi ya ratsa gilashin ka ji ƙas, aikin mako ya tafi. Ercilia kuwa in wuri ya ƙi ta, tsayawa take yi a kansa ta danne, haka ta saba da mutane. Ta fasa ba adadi, ta ƙona tafin hannunta da ta damƙi ƙarfen ta wajen wuta, fata ta yi ƙauri, ta zagi uwar dalma da ubanta. Sai da damina ta wuce kafin wata rana ta ja layi guda santsi, mai ƙyalli, daga sama har ƙasa. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce mini a hanya tun da Nibaldo ya mutu ba ta yi awa guda ba tare da ganin fuskar Aliro ba sai a kan teburin nan.

Tagar da ta yi wa animita ba ta fi faranti ba. Kore ta sa a tsakiya, launin rigar ƙwallonsa, shuɗi a ƙasa, da ɗan rawaya a sama. Layukan sun karkace, amma da aka kunna kyandir a ciki har direbobin tasi sai da suka rage gudu. Ba a yi mako ba dutse ya fasa koren. Na rufe shago ina jiran dambe, sai ga Ercilia ta sauko da jakar kayan aiki. Ta jona doguwar waya daga soket ɗin shagona, ta tsallaka hanya da ita, ta zauna a kan bokiti ƙarƙashin tagar Fresia, ta narke, ta cire, ta sa sabo.

Ta ɗaga kai ta ce, "Ki yi ta fasawa, maƙwabciya. Kore buhu guda gare ni."

Wannan ya fi duka cin ran Fresia. Ta fasa shuɗi, aka gyara, ta fasa rawaya, aka gyara, har ta fara gajiya. Mutane suka soma ajiye furanni, wata ta ce ta roƙi kurwar Nibaldo ta samo wa mijinta aiki. Ercilia ta yi murfin fitila ta ba ni, ta yi wa matan ajin kifi na gilashi, har shayi take sha da su. Na yi murna ƙwarai, na ɗauka wutar ta mutu.

Bayan 'yan shekaru sai aka sako Aliro, wai ya nuna halin kirki a kurkuku. Ya dawo ya yi ƙiba, wuyansa duk zanen allura da tawada. Da safiyar wata Talata Ercilia na kan bokitinta tana gyaran wata gaɓa da ta saki, ƙarfe ya yi zafi, sai Aliro ya fito daga gida yana miƙa. Ya tsaya a kanta ya ce ta kwashe akurkin kajinta daga bangon uwarsa. Ba ta ɗago ba.

"Iya, da ke nake. Ko kunnen da tsohuwata ta bar miki ma ya toshe?"

"Matsa mini daga haske, ɗan nan."

Ya yi dariya, ya ja baya, ya sa dunduniyar takalmi ya taka tagar. Ta lotsa ciki gaba ɗaya, dalma da gilashi da kyandir. Ya sake ɗaga ƙafa zai doki rufin.

Ban ga lokacin da ta tashi ba. Na dai ga ta cafke maƙogwaronsa da hagu ta haɗa shi da bango, daidai inda Nibaldo ya jingina, ta ɗora masa ƙarfen a kunci. Ta danne. Ƙarar da na ji irin ta nama ce a kasko, ƙaurin ya iso har cikin shagona. Aliro ya yi ihun da ya fito da unguwa duka, yana naushinta a ciki, a haƙarƙari, ita kuwa ba ta saki ba, tana jan ƙarfen a hankali daga kunci zuwa gindin kunne. Fresia ta fito da kwalba ta fasa mata a ka, jini ya rufe mata ido, duk da haka hannun bai motsa ba. Ni ce na fizge wayar daga soket, amma ƙarfe ba ya hucewa nan take. Sai da masu kwasar shara suka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

An ɗinke wa Ercilia kai, an ɗaure mata haƙarƙari biyu. Alƙali ya dubi shekarunta da abin da aka yi mata, bai kai ta kurkuku ba. Abin da ya yanke shi ne kada ta ƙara kusantar Aliro ko gidansu, in ta kuskura za a rufe ta. Ɗan sanda ya rako ta har gida ya nuna mata turken fitilar da ke saman matakala, ya ce nan ne iyakarta. Bakin teku ma sai dai ta zagaya ta titin mota. Su Tapia kuma ba su ƙara taɓa animita ba, ko ruwa Fresia ba ta sake zubarwa ta tagar ba. Aliro kansa ta ƙofar baya yake fita.

Na hau na same ta a kicin tana yanka kore. Na ce mata a kwashe ginin a kawo shi ƙofar gidanta, maza sun yarda za su ɗauka, ta riƙa ganinsa safe da yamma. Ta ce in kawo bulo ƙofarta ta yi me da shi, yaron yana can ƙasa.

Da ta gama sabuwar tagar, ta fi ta farko kyau nesa ba kusa ba, ta naɗe ta a tawul ta rako ni har turken fitila. Nan ta miƙo mini. Na sauka ni kaɗai, na durƙusa da gwiwoyina masu ciwo ina kici-kicin ɗaura ta, ita kuma tana can sama tana ƙwala mini zagi, wai na karkatar, wai hannuna kamar na kuturu, in ɗaga ta hagu, in bi a hankali da rawayan. Na kunna kyandir na rufe. Daga inda take ba a ganin gaban ɗakin, sai bayansa da rufin kwano.

Zagin ya tsaya. Can ta kira sunana, da wata murya da ban san tana da ita ba.

"Audolina, ya kama?"

Na ce ya kama.

"Koren ya fito?"

Na ce ya fito sosai.

"To ki gaya masa ina nan sama. Ki ce masa ba ƙin zuwa na yi ba."

Na gaya masa. Da na waiwaya tana riƙe da turken da hannu biyu, ƙafarta ɗaya a kan matakin farko, ba ta sauko ba kuma ba ta koma ba.