Ranar da Muka Zube Ni da Inna

Aikina a asibiti shi ne sa wa ciwo lamba. Likita zai rubuta abin da ya gani a fayil, a kawo fayil ɗin ɗakinmu da ke bayan wurin yankar kati, mu kuma mu nemo lambar cutar mu shigar a kwamfuta. Zazzaɓi da tasa lambar, karaya da tata. In rauni ne, sai an ƙara da inda ya faru da abin da mutum yake yi a lokacin.

Shekarar da ɓarin jikin Inna, mahaifiyata, ya shanye, na ɗauko ta daga Ƙofar Durbi na dawo da ita gidana. Inna mace ce mai jiki, kuma ciwon bai taɓa bakinta ba, don haka tana kwance tana ba da umarni. Ni ke mata wanka, ni ke juya ta, ni ke kai ta banɗaki. Yayyena maza biyu kan zo ranar Juma'a da lemo da ayaba, su gaishe ta, su ce mini Allah ya ba da lada, su tafi.

Wata safiya na sunkuya zan ɗaga ta daga katifa zuwa kujera, sai na ji ƙas a ƙuguna. Miƙewa ta gagara, muka zube tare a kan katifar. Inna ta juyo da kai ta dube ni.

"To, ɗiyata, yanzu wa za shi ɗaga wani?"

Muka yi ta dariya, ni ina yi da hawaye saboda zafi, har maƙwabciyata ta jiyo mu ta shigo ta nemo mai napep ya kai ni asibiti.

Likita ya ce tsokar baya ce, ba ƙashi ba. Ya ba ni magani da hutu, ya tura ni sashen gashi, inda ake gasa jiki da motsa gaɓoɓi. Fayil ɗina kuwa ya faɗa hannun abokiyar aikina, wadda teburinta ke kusa da nawa. Da yamma ta kira ni, ta gama jaje, sannan ta sauya murya kamar ba ta san ni ba, ta tambayi inda abin ya faru da abin da nake yi. Da na faɗa mata, ta ce saura tambaya ɗaya: aikin albashi ne ko na kyauta? Inna da ke gefena ta riga ni amsawa, ta ce a gaya mata ana biya, don safe da yamma sai ta sa mini albarka. Abokiyata ta ce kwamfuta ba ta da gurbin albarka, amma akwai lambar mai jinyar wani a gida, ita za ta sa.

Na san lambar, sai dai ba kasafai muke sa ta ba. Mata da yawa kan zo da ciwon baya, in an tambaye su abin da suke yi su ce ba komai, suna gida ne kawai. Ranar na ji wani daɗi da nawa aikin ya shiga da sunansa.

Mai gashin, wata mata mai fara'a, ta ce ba za ta koya mini ɗaga majinyaci ni kaɗai ba, in zo da waɗanda za su taya ni. Haka babban yayana ya tuɓe babbar riga ya koyi lanƙwasa gwiwa maimakon sunkuyawa, da yadda ake shimfiɗa zani a ƙarƙashin mara lafiya mutum biyu su ja. A gida shi da ƙaninsa suka gwada a kan Inna, tana cewa wannan hannunsa kamar na mai dako, wancan kuma ya fi riƙon tsoro. Matansu suka raba wanka a tsakaninsu. Ƙaramin ya sa wani mai walda a Ƙofar Guga ya ƙera gado mai tsayi da ƙarfen dafawa a gefe.

Bayana ya warke kafin damina, na koma aiki. Inna kuwa ta fara miƙewa da kanta tana dafa ƙarfen nan. Wata rana na dawo na tarar da ita zaune a tsakar gida, jikokinta sun taimaka mata ta fito, tana yi wa 'yata faɗa a kan ta cika wa miya gishiri.