Kaskon Ɗibar Wuta na Gwaggo

Abin da na fara gani da na sauka gidan Gwaggo a Argungu shi ne sabon yaɓe a katanga. An toshe 'yar ƙofar da ke tsakaninsu da maƙwabta, lakar ma ba ta gama bushewa ba. Hutu na zo, lokacin ina 'yar makarantar kwana a Birnin Kebbi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ba ni da baki, sai ido. In an yi tambaya a aji sai in sunkuyar da kai, amma na san wadda ta sauya ɗan kunne.

Siyasa ce ta raba gidajen biyu. Mijin Gwaggo, wanda muke kira Baba, yana wata jam'iyya, maƙwabcinsa yana wata, ga gonakinsu na shinkafa iyaka ɗaya a fadama. Samarin kowane ɓangare sun fara yawo da gora. Duk da haka, kullum da safe Gwaggo takan ɗauki wani kasko mai tsagaggen baki ta zagaya maƙwabta ɗibar wuta. Ni kuwa na lura murhunta yana ci tun kafin ta fita. Na kuma lura duk ranar da ta daɗe can, da ta dawo sai ta ƙirƙiro wa ɗanta aike zuwa Augie, gorarsa kuma ta ɓace.

Wata rana Baba yana cin tuwo ya tsokane ni, wai ɗiyar boko ba ta iya komai ba sai zare ido kamar mujiya, ko me ma nake gani oho. Aka yi dariya. Don in nuna ni ma na san wani abu, sai na ce ai na ga Gwaggo tana ɗibar wuta alhali tana da wuta. Ya ajiye lomar da ke hannunsa. A ranar ya hana ta sake taka gidan maƙwabta. Gwaggo ba ta zage ni ba. Ta kife kaskon, ta shaida mini ita da matar maƙwabcin suna gaya wa juna inda samari za su haɗu, kowacce ta janye nata ɗan, ta kuma rarraɗa wa sauran iyaye mata. Kwana kaɗan bayan haka aka kawo ɗanta daga fadama da fasasshen kai, ɗan maƙwabta da karaya. Ɗan Gwaggo yana kwance yana rantsuwa sai ya cinna wa shinkafar maƙwabta wuta ranar yanka.

Ba a cinna ba. Da ranar ta zo, matan unguwa daga ɓangarorin biyu suka riga maza isa fadama da ƙwaryar fura, suka zauna a kan iyaka, babu wanda ya iya ɗaga gora a gaban uwarsa. Na yi nadamar bakina har yau, amma na koyi cewa zaman lafiyar da maza ke tinƙaho da shi sau da yawa mata ne suka ƙulla shi a bakin murhu. Wanda ya ga mace tana shige da fice tsakanin masu gaba, kada ya yi saurin kiranta munafuka ko ya rufe mata ƙofa. Ya tambaye ta abin da take tarewa.

Yadda maganar ta isa gidan maƙwabta kuwa, ni na kai ta. Na tuna Gwaggo aka hana, ba ni ba. Na ɗauki kaskon, na je na yi sallama. Matar ta dube ni, ta dubi tsagaggen bakin kaskon, ta tambaya ko mujiya ta zo ƙarasa ɓarna. Na durƙusa na kira ta Inna, na raɗa mata rantsuwar ɗan Gwaggo, na roƙe ta ta yafe mini, ta ɗiba mini wuta, ta kuma gaya mini abin da zan kai wa Gwaggo.