Hawan Dutse Ba da Bara'atu Ba

Ranar da aka yi wasan kwaikwayo a zauren wata makaranta a Gusau, Muzdalifa kaɗai ta lura Bara'atu ta tura sandarta ƙarƙashin benci ta rufe da gefen mayafi. Haka take yi duk inda ba ta so a tashi a ba ta kujerar gaba.

Bara'atu tela ce a Tudun Wada, ita ta ɗinka wa 'yan wasan kayansu. A Kwatarkwashi aka haife ta, gidansu na gindin dutse. Shan-inna ya kama ƙafarta ta hagu tana shekara huɗu. Mahaifinta, manomi, shi ya riƙa kai ta makaranta a kan keke har ta gama sakandare. Da ya rasu ta dawo Gusau wajen yayarta, ta koyi ɗinki da keken hannu. Shekara shida ke nan da Muzdalifa ta kai mata ɗinkin Sallah, tun daga nan shagon ya zama wurin hirarsu, ita da ƙawarta Hanatu.

Wasan ɗan ƙarami ne, mutum biyar da tabarma da labule. Wani tsoho ne makaho a 'Yankuzo, sansa na huɗa ya mutu, 'ya'yansa suka ɓoye masa don tausayi. Kowace safiya babban ɗan sai ya laɓe bayan labule ya yi kukan sa, tsohon ya ce, "Yau kam muryarsa ta dushe, ku ba shi kanwa." Zauren ya kece da dariya, har Bara'atu na share hawaye.

Muzdalifa ta kasa dariya. Wayarta sai motsi take yi a jaka, ta kuma san saƙonnin su Hanatu ne. Mako biyu suna shirin hawan dutsen Kwatarkwashi ranar Asabar. Mansur, yayan Hanatu, zai kai su a mota, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar saboda hanya. An raba mai kawo ruwa da mai soya awara. Da aka zo sunan Bara'atu, Muzdalifa ce da bakinta ta ce, "Kada a gaya mata, ranta zai ɓaci. Mu hau mu bar ta ƙasa?" A lokacin ta ɗauka alheri ta yi.

Da aka tashi, Muzdalifa ta bi ta bayan labule. Bara'atu na zaune kan akwati tana ninke riguna.

"Ƙawata, akwai maganar da nake son..."

"Ta Asabar?" Bara'atu ba ta ɗago ba. "Tun Talata na sani. Mansur ya zo karɓar ɗinkinsa, yana tambayata ta ina mota ke bi zuwa gindin dutse. Ya zaci da ni za a je."

Muzdalifa ta ce, "Wallahi don kada..."

"Don kada in ji haushi. Na gode, Hajiya likitar zukata." Ta ɗan yi murmushi, ba mai daɗi ba. "Dutsen nan sau biyu Baba yana goya ni har samansa. Ba hawan ya dame ni ba. Garinmu za ku, ku wuce ƙofar gidanmu kamar baƙi? Garin da kowa ya san kowa? Inna ta ji ƙawayen ɗiyarta sun zo ba su leƙa ta ba, mi za ta ce na yi muku?"

Wannan kam ko kusa bai zo wa Muzdalifa a rai ba. Sau nawa ta ci daddawa da kukar da Inna ke aikowa?

"To ki zo mu tafi tare. Don Allah."

"Ba ni zuwa. Gayyar da sai an roƙa ba gayya ba ce, kuma ina da ɗinkin biki. Amma na faɗa wa Inna kuna tafe, ta ce za ta dama fura. Ku shiga ku gaishe ta kafin ku hau. Kada ku gaya mata ban sani ba da farko."

"In sha Allah," in ji Muzdalifa.

Bara'atu ta miƙa mata bakin babbar rigar tsohon, suka ninke ta tare. Daga nan ta ɗaure kayan a zane, ta fita bakin titi ta tsayar da Keke Napep, ta koma shago.