Kujerar Fada da Hannuna na Hagu

Ni kafinta ne, haifaffen Nasarawa Gwom a Jos, kuma bahago. Kafin in zama ɓarawo, shekara goma sha ɗaya na yi a shagon Baba Gyang a Gada Biyu, har ya kai in zai yi tafiya ni yake bar wa makulli. Ku matasa masu sana'a a hannu, da ku nake magana.

Shagon Baba ba na benci da teburin mai shayi ba ne. Tsofaffin kayan katako muke gyarawa, irin waɗanda aka shigo da su Jos a zamanin haƙar kuza, suka rage a gidajen attajirai da coci-coci. Ranar da na fara bin sa wani tsohon gida, na tsaya a falo baki buɗe kamar baƙauye a tasha. Ga kabad mai ƙafafun zaki, ga madubi da aka zagaye da ganyen katako mai ruwan zinariya, ga tebur da ƙafafunsa suka murɗe kamar igiya. Baba ya dungure ni ya ce, "Rufe baki, ka buɗe ido. Wanda ya sassaƙa wannan ma hannu biyu ne da shi."

Shi Kirista ne, ni Musulmi, amma in lokacin salla ya yi shi ke karɓe kurfin sassaƙa daga hannuna ya ce in je in dawo. Ya koya mini gane madaci da ƙamshinsa, da yadda ake bin jijiyar katako don kada ganye ya tsage. Yakan tsokane ni wai duk ganyen da na sassaƙa sai ya karkata hagu kamar mai shi.

Da ƙaramin abu na fara. Wani mutum mai farar mota, wanda kowa ke kira Oga, ya riƙa zuwa shago in Baba ba ya nan. Ya ce a wajen Turawa da manyan Abuja tsohon abu ya fi sabo daraja. Na cire hannayen tagulla na wata durowa na ba shi, na maye su da na kasuwa, ba wanda ya lura. Bayan wata biyu sai firam ɗin madubin wata gwauruwa, matar wani marigayi tsohon ma'aikacin kuza. Na sassaƙa irinsa na mayar mata, har ta sa mini albarka. Gaskiya ba abin da Oga ke ba ni kaɗai ya ja ni ba. Daɗi nake ji cewa hannuna ya kai ya ruɗi idon mai kaya.

Sai aka kira mu wata tsohuwar coci ta dutse, a kan kujerar da Fada, limamin cocin, ke zama a gefen bagade, wadda ƙafarta ɗaya ta tsage. Ban taɓa ganin aikin katako irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake gani. Bayanta ya fi ni tsawo, a sama mala'iku biyu masu kumatu suna riƙe da kambi. Reshen inabi ya sauko ta gefe biyu, kowane ɗan inabi da girmansa daban, ganyen kuma sun naɗe kamar iska ce ta taɓa su yanzu. Hannayenta sun yi santsi saboda tafukan da suka dafa su shekara da shekaru. Maza huɗu ne suka ɗora ta a mota suna nishi. Baba ya sa hannu a takarda cewa tana wajensa.

A makon ne aka yi wa Baba aikin ido, likita ya hana shi shiga ƙurar shago. Oga ya zo ya zagaya kujerar sau uku ya ce, "Za ka iya yin irinta?" Na ce zan iya. Wata uku na yi a kanta, ina gaya wa cocin cewa gyaran na bukatar haƙuri. Ban sami tsohon madaci mai nauyi ba, sai na yi da sabon katako na rina shi. Na goge hannayen har suka yi santsin tsufa. Da na jera su biyun, ni kaina da ƙyar na bambanta su. Mutanen Oga suka tafi da ta asali, su ne kuma suka sauke tawa a coci.

Wata tsohuwa ce ta tona ni, cikin matan da ke share cocin duk Asabar. Ta ce wa Fada shekara arba'in tana goge kujerar nan, kullum tsummanta sai ya maƙale a wani ganye mai karyayyen baki, yanzu ya daina. Fada ya ce ai gyara aka yi. Ta ce ita dai ba ta yarda ba, ta sa hannu ɗaya ta tura kujerar, kujera ta matsa.

Baba aka kama, tunda sunansa ne a takarda. Ni kuwa na riƙa kai masa abinci ofishin 'yan sanda da fuskar tausayi. Ina tsaye aka shigo da kujerar, ɗan sanda ya ce, "Baba, aikinka ne ko ba naka ba?" Idonsa bai gama warkewa ba, sai ya bi ganyen da yatsunsa a hankali, daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ba nawa ba ne. Hannuna bai kai nan ba." Aka ce to na wane ne. Ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, na tura hannuna na hagu cikin aljihu.

Kwana tara dattijon nan ya yi a kan siminti cikin sanyin Jos. Ba zan yi muku ƙarya in ce ni na kai kaina ba. Oga aka kama da firam ɗin madubin gwauruwar, shi ya ambaci sunana kafin a gama tambayarsa. Kujerar asali kuwa ta riga ta tsallaka teku. Aka yanke mini shekara huɗu. A gidan yari ba yunwa ko kwarkwata suka fi damuna ba, yatsun Baba a kan ganyen nan nake ta gani.

Da na fito na wuce Gada Biyu, na tarar ana sayar da kayan waya a shagonmu. Tun daga lokacin ba cocin da ta sake ba Baba aiki, tarin da ya ɗauko a tsare kuma bai sake shi ba. Na same shi a ƙofar gida yana shan hantsi da bargo. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ganyen duka sun karkata hagu. Tun da na taɓa na san hannun ɗana ne."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

Ya ce, "Ina jira ka faɗa da bakinka. Kwana tara ina jira, kana kawo mini tuwo."

Ya yafe mini, amma na fi son da mari ya yi mini. Na tuba ga Allah, na je na nemi gafarar Fada da tsohuwar nan da gwauruwa. Yanzu benci da tebur nake yi a unguwar Abattoir, mahauta ne masu sayen kayana.

Ku da ake bar wa makulli, ku ji tsoron ranar da za ku ɗauki ƙaramin abu ba a lura ba, don daga ita sauran ke biyowa. In an kama wani a kan laifinku, ku buɗe baki tun a ranar farko. Kujerata tana nan a cocin har yau, don ba su da wata. Baƙi na ɗaukar hotonta suna yaba Turawan da. Ita ce aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, kuma in an tambaye ni wanda ya yi ta, sai dai in sunkuyar da kai.