Motar Abba Ta Ƙi Zama a Silo

A wannan watan Abba ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ina da shekara goma sha huɗu aka fita da shi daga gidanmu na Nassarawa, yanzu ina ajin ƙarshe a jami'a, kuma har yau ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni ba mai magana ba ce. Ko ranar da dangi suka taru yi masa addu'a, aikina in kawo kofuna in koma ɗaki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne motarsa, wadda ta hana gidanmu sakat tun farkon damina.

Abba likitan dabbobi ne. Jif gare shi, ruwan toka, mai tsayin ƙafa, da ita yake shiga rugage rani da damina. Da aka zo rabon gado, mu 'ya'yansa muka bar wa Umma ita. Umma ba ta tuƙi. Abu ɗaya take so da motar: kowace safiya a tashe ta a ɗumama injin, kamar yadda Abba yake yi in ya dawo daga masallaci, ita kuma ta zauna a baranda da kofin shayinta tana sauraro. Da farko babban wanmu, Yaya Munzali, shi ke yi, wani lokacin har ya zaga unguwa da ita. Da aiki ya mayar da shi Kaduna, mukulli ya dawo hannuna, kuma daga nan motar ba ta sake ƙetare get ba. Umma ta ce ta gaji da tsayuwa a bakin ƙofa tana jiran ta ga an dawo da ita lafiya. Fetur ma a galan ake kawo mata har rumfa.

Idan mota tana tsaye, injin yana aiki, ba a taka totur ba, makanikai suna cewa tana silo. A lafiyayyar mota allurar da ke gaban direba takan zauna wuri ɗaya, ƙarar ma ta tafi a miƙe. Tamu ta daina. Sai allurar ta yi sama kamar wani ya taka, ta faɗo ƙasa har jikin motar ya ɗauki rawa, ka ce yanzu za ta mutu, sai kuma ta sake yunƙurawa. Haka za ta yi ta yi har in kashe ta.

Ba a jima ba Umma ta daina fitowa baranda. Na same ta a ɗaki, ta rufe taga, na tambaye ta ko ba ta jin daɗi ne.

"Haka numfashinsa ya riƙa yi a asibiti," in ji ta. "Ke ba a bar ki kin shiga ba." Sannan ta ce, "Auta, in ba za ta gyaru ba, a fitar min da ita daga gidan nan."

Yaya Munzali bai ja maganar ba. A waya ya ce min tsohuwar mota ce, in daina wahalar da kaina, yana da mutum a Ƙofar Ruwa da zai zo ya ɗauka. Na san abin da ake yi wa irin waɗannan motoci a can. Ƙofa ta tafi wani gari, fitila ta tafi wani, kujerar da Abba ya zauna a kai ta koma bencin mai shayi. Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Ya ce to, amma ba zai bar Umma tana kulle kanta a ɗaki saboda ƙarfe ba. Ban ga laifinsa ba.

Na kira Bulus, mutumin Zariya mai gareji a Tudun Wada, wanda tun Abba yana raye shi ke duba masa ita. Da yake motar ba ta fita, shi ya riƙa zuwa da kayan aikinsa. Ya sauya fulogi, ba ta daina ba. Ya wanke nozul ɗin da ke fesa mai, ba ta daina ba. Ya bi tiyo-tiyon iska yana lalube ko akwai wanda ya tsage ko ɓera ya ci, bai samu ba. Daga ƙarshe ya aro kwamfuta ya jona mata, ya tsaya yana kallon allon yana sosa ƙeya.

"Ƙanwata, wannan motar ko maƙaryaciya ce ko mantuwa gare ta. Ta ce min ba abin da ke damun ta, kamar yau aka haife ta."

Ya ce abin da ya rage shi ne a zargi ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke cikinta, amma shi ba zai sa mu saya a kan zato ba.

Makonnin da suka biyo baya ban yi karatun kirki ba. In shiga ɗakin karatu da niyyar aikin kammala digiri, in tsinci kaina ina karanta yadda iska ke shiga injin. A waya kuwa kowa malami ne. Wannan ya ce sensa ce, wancan ya rantse gurɓataccen mai ne, wani ya ce a sauya komai a huta. Duk wanda na saurara sai in ji kamar shi ke da gaskiya, har in saurari na gaba. Ko a aji nake, ƙarar tana cikin kunnena, tana hawa tana sauka.

Nakan tambayi kaina me Abba zai ce da wannan zamani da amsa ta fi tambaya yawa. Ina jin kwamfutar Bulus za ta burge shi, don mutum ne mai son sabon kayan aiki. Abin da ba zai jure ba shi ne a taɓa abu uku lokaci guda, a ce ana neman ciwo. Sau ɗaya ya tafi da ni wata ruga ina ƙarama. Saniya tana kwance ta ƙi cin abinci, ni ina jiran in ga ya zaro allura, shi kuwa ya nemi tabarma ya zauna da mai shanun kamar hira ya zo. A hanyar dawowa na ce masa ya daɗe bai fara aikin ba. Ya ce, "Ai tun da na zauna na fara. Saniya ba ta iya cewa ga inda ke min ciwo. Sai ki tambayi mai ita me ya sauya mata. Ruwa ne, wurin kiwo ne, ko mai tatsar ne ya canja?"

Wata safiya ina tsaye gaban motar da sifana a hannu, na ɗaga bonet zan mayar da kan batir, sai na tsaya ina kallon hannuna.

Ga abin da ya faru. A ƙarshen rani tsohon batir ya mutu saboda zama. Yaya ya aiko da sabo, ya ce duk ranar da na gama ɗumama motar in cire kan batir don kada wannan ma ya tsiyaye. Ba shi ya ƙirƙiro ba. A unguwarmu gidaje da yawa akwai mota a ƙarƙashin tampol, ta mai gidan da ya rasu ko ta ɗan da ya tafi waje, kuma haka ake yi musu. Ni kuwa in aka ba ni aiki ba na tsallakewa. Kullum in ɗaura, in tayar, in kashe, in cire. Ko ranar da Bulus zai zo, kafin ya iso na riga na ɗaura, don kada ya same ni ban shirya ba.

Na koma na karanta da wannan a raina. Ashe irin wannan injin yana koyo. Shekara da shekaru datti yana taruwa a maƙogwaron totur, ƙwaƙwalwar motar kuma tana ƙara buɗe hanyar iska kaɗan-kaɗan don ta daidaita. In aka yanke wuta, sai ta manta, ta koma lissafin ranar da ta fito daga kamfani, alhali maƙogwaron ba na ranar ba ne. Kafin ta sake koyo sai an hau titi da ita, injin ya yi zafi sosai, a tsaya, a tashi, a sake tsayawa. Mu kuwa muna ba ta ɗan lokacin shan shayi, da ta fara lalube sai in zo da sifana in goge mata komai. Shi ya sa ma kwamfutar Bulus ba ta tarar da komai a rubuce ba.

Sai da na maimaita maganar a bakina kafin in kira Bulus. Da na gaya masa, sai ya yi dariya.

"To ai ba wanda ya gaya min ana cire mata kai kullum. Zan zo in wanke maƙogwaron, ki bar batir a ɗaure, a fita da ita. Amma ban yi miki alkawari ba fa."

Faɗa wa Umma ya fi wuya.

"Umma, sai an fita da ita."

"A kai ta ina?"

"Ko'ina. Titi take buƙata."

"Wa zai ja?"

"Ni. Na koya a makaranta, ina da lasin."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da ko sallama sai an ce ki ɗaga murya?"

Bulus ya wanke maƙogwaron, ya duba birki da tayoyi, ya sauya baƙin mai. Ranar Asabar da hantsi na buɗe get, na shiga na zauna. Ina gyara madubi sai na ga Umma ta fito da mayafi. Ta buɗe gaba ta zauna, ta yi bismilla.

Muka bi ƙarƙashin bishiyoyin Nassarawa a hankali, muka nufi Giginyu. A mahaɗar farko na taka birki, allurar ta yi sama ta faɗo, motar ta girgiza. Umma ta runtse ido ta kama ƙofa. Na so in juya. Wani mai adaidaita sahu ya matsa mana hon daga baya, da ya zo wucewa ya leƙo ya ce, "Hajiya, in koyo ake a tafi filin ƙwallo mana."

Umma ta buɗe ido. "Kai a cikin uwarka ka koya? Wuce ka ba mu wuri."

Ban taɓa jin ta yi wa baƙo magana haka ba. Dariya ta kusa sa in saki sitiyari.

Muka yi ta zagaye. Kowace tsayawa allurar tana rage tsalle, ni kuma ina satar kallon ta ina tsoron in yarda. Can a wani cunkoso muka tsaya muka daɗe, sai na lura ba abin da ke rawa a cikin motar. Allurar ta zauna. Na juya in nuna wa Umma, na ga ita ma ta ji, ta kawar da kai tana kallon masu sayar da lemo a gefen titi. Da hanya ta buɗe na sa sigina zan koma gida, ta ce, "Miƙe. Mu je Tudun Murtala mu gaida Gwaggonku, rabona da gidan har na manta launin ƙofar."

Ba zan ce motar ta warke sarai ba. Wata safiyar, in an kwana ana ruwa, takan yi ɗan rawa kafin ta nutsu, ni ma zuciyata ta bi ta. Har yanzu ba na iya tsayawa a danja ban kalli allurar ba. Kuma tsohuwar mota ce, wata rana wani abin zai tashi wanda ba zan iya karanto maganinsa ba.

Na daɗe ina zaton abin da Abba ya bar mana shi ne abin da za a iya rufewa da tampol a kiyaye shi daga rana. Ina jin da zai leƙo ya ga motar da ya saba cusawa cikin taɓo da ƙaya an mayar da ita abin kallo a rumfa, ba zai ji daɗi ba, ko da yake ba zai faɗa wa Umma ba. Muryarsa ta fara ɓace min, wannan gaskiya ce, kuma tana damu na. Abin da na tarar bai ɓace ba shi ne haƙurinsa na zama gaban abin da ba ya magana har sai ya gane shi. Ban san ina da rabo a ciki ba sai bana. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranar Talatar da ta wuce ina ɗakin karatu Yaya Munzali ya kira ni, na fita waje na ɗauka. Ya ce mutumin Ƙofar Ruwa ya dame shi, shi ne ya kira Umma ya tambaye ta yaushe za a zo a ga motar.

"Kin san me ta ce min?"

Na ce a'a.

"Wai in gaya masa mota ba ta gida, ta tafi makaranta."