Geron da Ke Bayan Haladu

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Agusta, cikin shekarun nan da man fetur ya gagari talaka, wajen ƙarshen alif ɗari tara da casa'in da wani abu. Ina dawowa daga bakin fadama da ƙunshin ciyawar awaki a kaina, sai na hangi amalanken shanu ya baro titin Tsanyawa ya nufo ƙauyenmu, yara na binsa da gudu. A kan amalanken Yaya Habu ne, ɗan wan babana da ke lodin buhu a kasuwar Dawanau, ya rungume wani abu da aka naɗe da bargo kamar mai riƙe da jariri. Da amalanken ya faɗa rami bargon ya zame, sai ga gilashin talabijin yana ƙyalli. A gefensa akwai bidiyo da ɗan ƙaramin janareta da ya aro a wurin maigidansa. Na yar da ciyawar a hanya na bi yara, awaki kuwa ranar sai da suka yi ta kuka har azahar. Ni kaɗai a cikin yaran na san abin da ya sa aka ɗauko kayan nan tun daga Kano.

A lokacin ina aji shida, shekaruna ba su wuce sha biyu ba. Gidanmu babban gida ne, sassa huɗu, gonaki sun kewaye mu ta ko'ina har jikin danga, ta yadda idan gero ya yi tsawo ba ka hango gidan maƙwabci sai dai ka ji dakansu. Makarantarmu iska ta yaye rufin aji biyu, saboda haka a gindin darbejiya muke karatu, idan hadari ya taso a ce kowa ya kama gabansa. Malamai sukan yi watanni ba albashi, mu kuwa ko a jikinmu, don ranar da ba su zo ba carafke muke yi da 'yar gala-gala har rana ta take. A gida aiki ba ya ƙarewa: ɗebo ruwa a rijiya, surfe, kai abinci gona, tsinko tafasa da rama. Shekarar taki bai samu ba, hatsin bara kuma ya ƙare da wuri. Sabon gero ya fara fitar da kai amma bai nuna ba, wanda duk manomi ya san nan ne tsakiyar wuya. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sauran kuwa kwaɗon rama ne da ɗan ƙuli-ƙuli, shi ma Innata da yatsa biyu take barbaɗa shi.

Tun bazara na zama mai karanta wa matan gidanmu littafi. Wata amarya da aka kawo maƙwabta daga birni ce ta ara mini wani littafin labari mai kashi uku, sai dai na ɗaya da na biyu kawai ta zo da su. Idan mata suka zauna ɓarar gyaɗar iri a inuwar rumfa, sai a ɗora ni a kan turmi in yi ta karantawa, kuma aka yafe mini ɓara, abin da ya sa 'yan uwana suka yi ta jin haushina. Labarin wani saurayi ne mai suna Haladu, wanda fari ya cinye gonarsu ya bar uwarsa ya tafi kudu neman abinci. Na biyun ya ƙare ne Haladu yana kwance ba lafiya a wata tasha, ba wanda ya san shi. Na juya bangon baya na sake juyawa, babu ƙari. Na aika a duba mini na ukun a kasuwar Tsanyawa har sau uku, mai littattafan ya ce kuɗin mota ya hana shi zuwa sari. Son sani ya dame ni har na riƙa mafarkin tashar nan.

Amma akwai wadda abin ya fi damu. Kakata, wadda duk gidan ke kira Iya, ba ta taɓa fashin zaman karatun nan ba, ko da yake ita ce kan ce littafin boko ƙarya ce aka ɗinke da zare. Autanta, Baffa Sale, ya tafi cirani kudu bayan wata kaka tun ban shiga makaranta ba, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba labarin mutuwa, ba na rai. Tun daga shekarar, duk kaka sai Iya ta sa an ware rabonsa na gero, dami-dami, an jera a wani ɗan rumbu da ke bayan ɗakinta, ta sa an liƙe bakinsa da laka. "Wanda ya dawo daga tafiya ba ya tarar da rumbunsa wayam," haka take cewa. A damunar nan Babana ya durƙusa gabanta sau biyu yana roƙon a buɗe rumbun, don ƙananan yaran gidan sun fara kwana da kuka. Ta ƙi. A karo na uku ne ta ce, cikin wasa ko da gaske ban sani ba, a bari tukuna ta ji ko Haladu ya koma wurin uwarsa. Da Yaya Habu ya zo ganin gida ya ji zancen, sai ya ce ai an mayar da littafin nan fim, kowa a Kano ya gani. Abin da ya kawo amalanke ƙofar gidanmu ke nan.

Sai matsalar mai. Babana yana da wani tsohon babur da ya jingine a zaure, da ɗan sauran fetur da yake tattali saboda ranar da wani zai kwanta rashin lafiya. Ya daɗe yana kallon babur ɗin, sannan ya sa tiyo ya zuƙo, ya tofar, ya tsiyaye shi tas a galan. Habu ya girgiza galan ɗin ya ce in Allah ya so zai kai ƙarshe, in ba a yi ta mayar da kaset baya ba. Aka ajiye talabijin a kan turmin da nake zama, a rumfar tsakar gida, aka rataya buhuna don a tare hasken rana. Bayan azahar gidan ya cika maƙil. Matan unguwa sun shigo da goyonsu, maza sun tsaya daga bakin zaure suna cewa su ba kallo suka zo ba, amma wuyan kowa ya ƙara tsawo. An shimfiɗa wa Iya buzu a gaba, ni kuma aka zaunar da ni kusa da ita don in karanta duk rubutun da ya fito.

Ban taɓa ganin mutane sun yi faɗa da akwati irin na ranar ba. Haladu na fitowa aka ɗau salati, don mu a ranmu dogo ne siriri baƙi, wannan kuwa gajere ne mai kumatu, wai shi ne yunwa ta kora daga gida. Innata ta ce ita ba ta taɓa ganin matar da fari ya cinye wa gona da ɗan kunnen zinariya da jan baki ba. Daga zaure muka jiyo Babana yana cewa yaron nan riƙon tsintsiya yake yi wa fartanya. Gwaggo Ladi, ƙanwar Babana, ita kam fim ɗin ya yi mata daɗi, musamman da aka kawo wata budurwa da babu ita ko kaɗan a littafin suka shiga waƙa a cikin furanni. Ta ce littafina duk kuka ne, gara wannan. Ni kuwa raina ya ɓaci, don sun tsallake rijiyar da ta ƙafe, wurin da na fi so a littafin, har na fara faɗa wa jama'a abin da aka cire aka ce in rufe musu baki. Da aka kira la'asar Habu ya kashe janareta don tattalin mai, aka yi sallar da ban taɓa ganin an yi da sauri haka a gidanmu ba. Iya kuwa tun da aka fara idonta na kan talabijin. Ta tallabe haɓa tana kallo kamar mai duba hadari.

Can wajen ƙarshe rubutu ya fito, na karanta da ƙarfi: bayan shekara bakwai. Sai ga wata doguwar mota ta tsaya a bakin gona, a daidai wurin da Haladu ya yi sallama da uwarsa. Ya fito cikin babbar riga, uwar ta rugo tana kuka. Gidanmu ya kaure da guɗa, Gwaggo Ladi har da taka rawa, ni kuma na kama hannun Iya ina girgizawa ina cewa ya dawo. Janareta ya yi tari ya mutu ana cikin rubuta sunaye. Na ga Babana ya leƙo yana murmushi, don a ganinsa mansa bai tafi a banza ba. Sai Iya ta zare hannunta ta ce, "Wannan yaron bai je ko'ina ba."

Ta ce ranar da ya tafi geron da ke bayansa iya gwiwa yake, yau ma iya gwiwa yake. Gwaggo Ladi ta ce ai kowace shekara shuka ake yi, ya dawo ne a irin lokacin da ya tafi. Iya ta ce ta ji, to fartanyar da ya yar a tsakanin kunya da zai tafi fa, wa ya hana a ɗauke ta shekara bakwai? Ɗan akuyan nan mai farin goshi da ke ɗaure a jikin danga fa, wane irin ɗan akuya ne da ba ya zama bunsuru? Nan fa gida ya rabu biyu. Masu ɗan karatu suka ce rubutu ya ce shekara bakwai, magana ta ƙare. Manoma kuwa, har da waɗanda suka ce ba kallo suka zo ba, suka shigo tsakar gida suna rantsuwa cewa ko noman maimai ba a yi wa gonar ba tsakanin tafiyarsa da dawowarsa. Habu ya yi ta dariya, ya bayyana cewa haka ake yin fim, rana ɗaya ake ɗaukar tafiya da dawowa, riga kawai mutum yake canjawa. Iya ta dube shi ta ce, "To ai abin da na faɗa ke nan." Ni dai na rasa ɓangaren da zan bi. Ni na karanta rubutun da bakina, amma ni ma na ga ɗan akuyan. Abin da ya fi damuna shi ne fuskar Babana, da ya ɗauki galan ɗinsa wayam ya koma zaure.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke Iya ta kira ni ta ce in kawo mata taɓarya, in kira Babana. Da hannunta ta fasa lakar bakin rumbun. Wari ya bugo mu, na gero da ya daɗe a rufe. Damman sama lafiya lau suke, amma na ƙasa, na shekarun farko, ƙwari sun mayar da su gari, kana taɓawa suna zubewa. Ta ɗebi garin a tafin hannunta ta daɗe tana kallo, ban taɓa jin tausayin babba irin na ranar ba. Sannan ta ce, "A akwati ne kawai gero ke tsayawa ya jira mutum. Ku fitar, ku raba sassa huɗu. In Sale ya dawo ya ci na bana." Babana ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gemunsa. Ranar tun kafin azahar turame huɗu ke amsa wa juna a gidanmu, kuma geron nan ne ya riƙe mu har muka fara gasa tumu. Daga shekarar Iya ba ta daina ware rabon Baffa Sale ba, sai dai duk kaka in an zuba sabo takan fitar da tsohon a ci. Haka ta yi har ta koma ga Allah. Bai dawo ba.

Kashi na uku na littafin kuwa sai da na yi aure a Kano na gan shi a wurin wani mai tsofaffin littattafai, bangonsa ya yage. A tsaye na karanta ƙarshensa. Ashe a littafin babu mota, babu babbar riga. A ƙafa Haladu ya dawo, da buhu ɗaya a kafaɗa, ya tarar an sare tsamiyar ƙofar gidansu har ya wuce gidan bai gane ba, sai uwarsa ce, wadda ido ya fara yi wa rauni, ta gane tarinsa daga cikin gida. Na rufe littafin na biya, raina na cewa wannan kam da Iya ta yarda da shi.

Yanzu 'ya'yana kowa da wayarsa, fim na fitowa sun gani, kafin a gama sun rubuta ra'ayinsu ga mutanen da ba su taɓa haɗuwa da su ba. Ba wanda ke zuƙo mai daga babur, ba wanda ke jiran wata uku don ya ji ƙarshen labari, kuma ban ce hakan laifi ba ne. Sai dai nakan yi kewar rumfar nan da buhunanta, da mutanen da suka ɗauki labari da nauyi har ya buɗe musu rumbu. In muna kallo tare yaran kan yi mini tsiya wai ba na bin labari, idona na can wani wuri. Gaskiyarsu ce. Har yau geron da ke bayan mutum nake fara dubawa.